HADARIN FARKON KAKA: ABIN DA MATAFIYI ZAI SANI KAFIN YA BAR GIDA

Idan watan Satumba ya kama, gero ya nuna, mutane sukan ce damina ta ƙare. A lokacin ne tafiye-tafiye ke yawa. Samari suna shirin sauka kurmi cin rani, waɗansu Legas, wadda mutanen da ke kira Ikko, waɗansu Fatakwal, waɗansu har Ankara ta ƙasar Gana. Motocin shanu da na hatsi suna gangarawa, na goro suna hawowa. Mata da yara suna shiga jirgin fito zuwa kasuwa, ko biki, ko gaisuwar mutuwa a ƙetaren kogi. Masu hali kuma suna hawa jirgin sama.

To, ku sani farkon kaka ba lokacin sakin jiki ba ne. Ruwan da ke bankwana da mu a nan arewa, gaɓar teku ya nufa, can zai sake sabon zama. Koguna kuwa ba su taɓa cika kamar yadda suke cika a Satumba da Oktoba. Saboda haka duk wanda zai yi tafiya a waɗannan watanni, ko ta ƙasa, ko ta sama, ko ta ruwa, ya kamata ya nemi labarin yanayi tun kafin ya ɗaura kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ISKA BIYU MASU RABA MANA SHEKARA

Iska iri biyu ce ke mulkin ƙasashenmu. Ɗaya daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, tana da laima, ita ce mai kawo ruwa. Ɗayar daga hamada take fitowa, ta arewa maso gabas, busasshiya ce, ita ce mai kawo hunturu da ƙura. Kowace shekara sai sun yi ture-ture. Daga watan Maris iskar teku takan riƙa tura ta hamada arewa, sannu sannu, har a watan Agusta ta wuce Agadas. Daga nan sai ƙarfinta ya fara raguwa, ta riƙa ja da baya.

Wannan ja da baya shi ne farkon kaka. Shi ya sa ruwa ke fara ɗaukewa a Sakkwato da Katsina da Maraɗi wajen ƙarshen Satumba, a Zariya da Kaduna sai an shiga Oktoba, a Legas kuwa har cikin Nuwamba ana samun ruwa.

Hadarin wannan lokaci ba kamar marka ba ne, wadda ke sauka a hankali ta wuni tana yayyafi. Shi daga gabas yake tasowa, yawanci da la'asar ko da dare, baƙi ƙirin. Iska mai ƙarfi ce ke yi masa ja-gaba, sa'an nan tsawa, sa'an nan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Cikin awa guda ya wuce. Amma waɗannan mintoci na farko, lokacin da iska ta iso, su ne masu yaye rufi, su karya itace, su kife jirgi.

YADDA GAƁAR TEKU TAKE

Gaɓar tekun Nijeriya ta fi kilomita 800 tsawo, daga Badagiri har bayan Kalaba. Wanda bai taɓa zuwa ba ya kamata ya san abu uku.

Na farko, a Legas da Kwatano da Ankara damina biyu ce. Babbar takan kai ƙarfinta a watan Yuni. Wajen Agusta ruwa yakan ɗan huta. Sa'an nan ya komo a Satumba da Oktoba, da tsawa da iska. A Fatakwal da Kalaba da Duwala kuwa ruwa ba ya yin wani dogon hutu ko kaɗan. Saboda haka saurayin da ya bar gida rana na ƙwallewa, kada ya manta da rigar ruwa da gidan sauro.

Na biyu, teku tana cika tana janyewa sau biyu kowace rana, kuma lokacin cikar yana jinkiri da kamar minti 50 kullum. Wata ne ke jan ta. Cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Idan ruwan sama mai yawa ya yi daidai da babbar cika, magudanan gari ba su da inda za su zubar da ruwansu, sai unguwannin da ke kwari su malale. Mai neman ɗakin haya ya dubi bango tukuna. In ya ga shatin ruwa a jiki, ya san abin da ke jiransa.

Na uku, raƙuman ruwa masu dukan gaɓarmu daga can ƙuryar kudancin Tekun Atalantika suke tasowa, suna da ƙarfi duk tsawon damina. Ana iya wayar gari sararin sama tas, babu ko gajimare, amma teku tana hauka. A bakin gaɓa akwai wuraren da ruwan da ya hau tudu ke komawa ciki da gudu, ya ja mutum ko da ya iya iyo. Iyon kududdufi ko na gulbi ba ya aiki a nan. Baƙo ya tsaya tudu ya yi kallo. Wanda ruwan ya riga ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, watau ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga inda ruwan ke gudu, kāna ya nufo tudu.

MENE NE HASASHEN YANAYI?

Hasashe ba duba ba ne, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba ce. Awo ne da lissafi. Yadda tsohon manomi ke duban gabas ya ce a kwashe shanya, haka ma'aikatan yanayi ke yi, sai dai su idonsu ya fi nisa. Suna da tashoshi inda ake auna zafi, da laima, da gudun iska, da yawan ruwan da ya sauka. Suna da hotunan da tauraron ɗan Adam ke aikowa, masu nuna hadari tun yana nisan kwana guda. Ƙasashen duniya kuma suna musayar wannan awo da juna dare da rana.

A Nijeriya aikin yana hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wadda ake kira NiMet, da aka kafa a 2003. A farkon kowace shekara takan faɗi yadda take zaton damina za ta kasance, yaushe za ta faɗi, yaushe za ta ɗauke. Bayan wannan akwai na kullum da na kwana uku, waɗanda ake karantawa a rediyo, ana kuma samunsu a wayar hannu. Akwai na musamman domin matuƙan jirgin sama, akwai na masu aiki a teku.

Ga yadda za ku fahimci maganarsu. In an ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100 ce, ma'anarsa a cikin ranaku goma masu irin wannan kama, bakwai an yi ruwa. In ba a yi a ƙauyenku ba, ba ƙarya aka yi ba, gama hadarin kaka yakan jiƙa wannan gari ya tsallake wancan. Ku lura kuma, hasashen gobe ya fi na jibi ƙarfi, na jibi ya fi na mako. Wanda ya ji labari ran Lahadi, zai tashi ran Laraba, ya sake saurara ran Talata da dare.

GA MAI TAFIYA TA ƘASA

Babbar hanyar arewa zuwa kurmi ta Lakwaja ta bi, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. A can ne ruwa ke taruwa a farkon kaka, na sama da wanda ake saki daga madatsu, irin su Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma Lagdo ta ƙasar Kamaru. A 2012 ambaliya ta yanke wannan hanya, ta hallaka mutum 363 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A Oktoba ta 2022 ta sake yanke ta, motoci suka yi kwanaki a jere a kan titi, waɗanda suka rasu a ambaliyar wannan shekara sun haura 600. Saboda haka kafin a yi lodin dabbobi ko kayan gwari, a tambayi labarin hanya a tasha.

Ruwa mai gudu ya fi yadda ido ke ganinsa ƙarfi. Wanda bai kai rabin ƙauri ba yana iya kayar da ƙato. Wanda bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ba wanda ya san ko ƙasan ta zaizaye. In ruwa ya hau kan gada ko kwalbati, a jira ya janye. Kada kunyar direba ta hana fasinja cewa a tsaya.

Tsawa kuma tana kashe mutane da dabbobi kowace shekara. Ga dabarar gane nisanta. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga a hankali har ka ji ƙara. Kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan. In ba ka kai talatin ba ka ji ƙarar, ta kusa, nemi mafaka. Ɗaki mai rufi ko cikin mota shi ne mafaka. Gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili tarko ne. A bar tudu, a bar bakin ruwa, a ajiye fartanya da lauje. Kada a koma gona sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. Wanda tsawa ta faɗa wa, babu wuta da ta rage a jikinsa. A taɓa shi, a taimake shi nan da nan.

GA MAI TAFIYA TA SAMA

Matuƙin jirgin sama ba ya tashi sai an ba shi takardar yanayi ya karanta. A manyan filayen jirgi ana auna iska da gajimare da nisan da ido ke iya gani kowane rabin awa ko kowace awa. Takardar tana gaya masa halin filin da zai bari, da na hanya, da na inda zai sauka, har da wani fili na dabam da zai karkata in na farko ya rufe.

Abin da ya fi tsoro shi ne hadari mai tsawa. A ƙarƙashin irin wannan hadari iska takan faɗo daga sama da ƙarfi, ta bugi ƙasa, ta watsu ko'ina. Jirgin da ke tashi ko sauka ya shiga ciki, sai iskar da ke tallafe da fikafikansa ta juya masa baya farat ɗaya. Ran 29 ga Oktoba 2006 wani jirgi ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana cikin hadari, ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Masu bincike sun samu cewa irin wannan juyin iska ne jirgin ya shiga.

To, in kuna filin jirgi a Legas ko Fatakwal ko Kano, aka ce an jinkirta tashi saboda yanayi, kada ku yi fushi da ma'aikata. Ranku ake tsarewa. Ku riƙe abin da matuƙin nan ke yi, gama shi ne darasin da muke so mai kwalekwale ya ɗauka: duba yanayi tukuna, auna kaya, ƙirga mutane, in hanya ba ta yi kyau ba a fasa.

GA MAI TAFIYA TA RUWA

Nan ne asarar rai ta fi yawa, nan ne kuma ta fi sauƙin tarewa.

Masu shiga teku, ko masunta ko masu jigila, hasashensu yana faɗin abu uku: gudun iska, tsayin raƙuman ruwa, da nisan gani. Gudun iska da wani ma'auni ake faɗinsa mai suna not, kowane not ɗaya kusan kilomita biyu ne a awa. In iska ta kai not 15, za ka ga farin kumfa yana fashewa nan da can a kan ruwa. In ta wuce 20, ƙaramin jirgi ya zauna gaɓa. Tsayin raƙumi kuwa da mita ake faɗinsa, mita biyu ta fi tsayin mutum. Amma ku lura, lambar da aka faɗa ba ta mafi girma ba ce. Lokaci lokaci ɗaya yakan zo wanda ya kusa ninka ta biyu.

A kogi babu raƙuman teku, amma yana da nasa tarko. A farkon kaka ruwa ya cika, ya yi ja, yana gudu. Ya rufe duwatsu da kututturan itatuwa waɗanda da rani kowa ke ganinsu ya kauce. A tabkin Kainji har yau akwai kututturan dajin da ruwa ya ci tun da aka gama madatsar a 1968. Kogi yana ɗauke da gungume da kainuwa masu sarƙe farfelar inji. Iskar hadari kuma in ta hau faffaɗan ruwa, cikin ƙiftawa da bismilla ta tayar da igiyar da za ta zubo cikin jirgin da aka cika maƙil.

Ku dubi waɗannan labarai. A watan Oktoba na 2022, a Ogbaru ta Jihar Anambara, jirgin mutanen da ke gudun ambaliya ya kife, aka ba da labarin rasuwar mutum 76. A watan Yuni na 2023, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, 'yan biki fiye da ɗari suka nutse da dare. Ran 1 ga Oktoba 2024, a saman madatsar Jebba, jirgi ɗauke da kusan mutum 300, yawancinsu mata da yara masu tafiyar Mauludi, ya kife cikin duhu, da yawa ba su kai gaci ba. Abubuwan da ke maimaita kansu a irin waɗannan labarai su ne lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar ceto.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto. Rigar ceto riga ce mai soso a ciki, wadda ke hana mutum nutsewa ko bai iya iyo ba. Amfaninta sai an sa ta an ɗaure igiyoyinta tun a gaɓa. Wadda aka zauna a kai ba ta ceton kowa. Ta babba kuwa takan zame daga jikin yaro, saboda haka a nema wa yara tasu.

Ga dokokin mashigi, a karanta wa kowa:

1. Kada a shiga jirgi in hadari ya haɗo a gabas, ko ana jin tsawa.
2. Kada a tashi in ba za a kai gaci kafin faɗuwar rana ba.
3. A dubi gefen jirgi bayan an gama lodi. In ruwa ya kusa bakinsa, ka sauka, ko da ka biya kuɗi.
4. Kada a haɗa mutane da shanu, ko babura, ko buhunan hatsi masu yawa a sawu ɗaya.
5. A tabbata akwai abin kwarfe ruwa, da matuƙin hannu ko gora saboda in inji ya mutu.
6. Kowa ya zauna. In jirgi ya karkata, kada a ruga gefe ɗaya.
7. In iska ta riske ku a tsakiya, a nufi gaɓa mafi kusa, a fake har ta wuce.
8. In jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe shi. Jirgin katako yakan yi yawo a kan ruwa, masu ceto kuma sun fi saurin hango shi da hango kan mutum.

Sarkin ruwa da sarkin jirgi da dagaci su ne idon jama'a a mashigi. In sun ce yau babu fito, a bi maganarsu. Biki ko kasuwa da aka rasa ana samun wata.

IDAN AN TSAMO MUTUM DAGA RUWA

Wanda bai ƙware da iyo ba kada ya faɗa ruwa ceton wani, gama sau da yawa gawa biyu ake tsamowa. A miƙa gora, ko igiya, ko rawani, ko a jefa jarka marar komai wadda aka toshe bakinta.

Da an fito da shi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a danne masa ciki wai don ruwa ya fito, wannan ɓata lokaci ne. A share masa baki, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In yana yi, a juya shi ta gefe, a tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. In ba ya yi, a toshe masa hanci a hura masa iska baki da baki har ƙirjinsa ya ɗago. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya iso. Lambar kiran gaggawa a Nijeriya ita ce 112. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi asibiti, don wahalar numfashi tana iya tasowa bayan awoyi.

AIKIN WAƊANDA SUKA RAGE A GIDA

Labarin yanayi ba na matafiyi kaɗai ba ne. In an ce za a yi ruwa, a kwashe gyaɗa da masara daga shanya. Hatsin da ya jiƙe aka zuba rumbu yakan yi fumfuna, a cikin fumfunar nan kuwa akwai dafi mai lalata hanta, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Sauro bai tafi ba tukuna, zazzaɓi ma a ƙarshen damina ya fi kayar da yara. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma su ƙarasa maganin rigakafin da ake raba musu wata wata. Inda ambaliya ta shiga rijiya, a tafasa ruwan sha. Wanda gudawa ta kama, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ya riƙa kurɓa, a kai shi asibiti maza.

Kai mai gida, kai ne mai ba da izinin tafiya. Kafin matarka ko ɗanka su fita, tambaye su abu uku. Me rediyo ta ce game da yau? Yaushe za ku kai? Akwai rigar ceto a jirgin? Wanda ya ji labari ya gaya wa maƙwabcinsa, mai unguwa ya sa a yi shela, malaman makaranta su koya wa yara ƙirgan tsawa. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.